Ƙanƙarar teku na narkewa, filankton na ƙaruwa: riba ce ko asara?

Ɗan Hadeja: Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah masu ilimin kimiyya ku zo ku warware min wani abu. Na karanta cewa a tekun Aktik can ƙarshen duniya ta arewa, tun da ƙanƙara ta fara ja da baya filankton sai ƙaruwa suke, har masu bincike na jami'ar Stanford suka ce tsakanin 1998 da 2018 abin da suke samarwa ya ƙaru da kashi 57 cikin ɗari. To ni abin da ya ɗaure min kai shine kullum kuka ake ƙanƙara na narkewa, amma ga abincin kifi na yawaita kuma an ce su ne masu zuƙe iskar kabon ɗin da ke ɗumama duniya, to ina asarar take?

Ummu Hanif: Wa alaikumus salam. Ku tsaya tukuna, menene filankton ɗin? kar ku yi nisa ku bar mu a baya

Malama Rabi: Maman Hanif, ƙananan halittu ne da ruwan teku ke yawo da su, yawancinsu ido baya ganin guda sai da madubin ƙara girma. Iri biyu ne. Akwai masu haɗa abincinsu da hasken rana kamar yadda ganye ke yi, dangin gansakuka ne, sannan akwai ƙananan dabbobi masu cin su. Wajen rabin iskar oksijin da tsirrai ke samarwa a duniya daga na farkon take fitowa, kuma kusan duk wani abu mai rai a teku, daga ɗan mitsitsin kifi har wel, ƙatuwar dabbar teku, in ka bi sawun abincinsa can zaka ƙare.

Malama Rabi: Ɗan Hadeja lissafin da ka kawo gaskiya ne, a mujallar Science aka buga shi a 2020. Amma akwai abin da ya kamata ka kula da shi a cikin binciken. Shekaru goman farko ƙaruwar daga buɗewar ruwa ta zo, ƙanƙara ta janye rana ta samu shiga. Bayan nan kuma ba fili ne ya ƙaru sosai ba, filankton ɗin ne suka ƙara kauri a inda suke, su kansu masu binciken suka ce da alama sabon taki ne ke shigowa daga wani wuri. Kaga kenan haske kaɗai baya yi

Baba Manomi: Ɗiyata wane irin taki kuma cikin ruwa? mu dai ga gona munka san taki

Malama Rabi: Baba ranku ya daɗe, ai kusan shine dai. Abin da kuke zubawa a gona na buhun NPK, naitirojin da fosfaras, su ma shi suke nema, sai dai nasu narkakke ne a cikin ruwa. Kuma dokar ɗaya ce da ta gona: in ƙasa ta rasa abu ɗaya, ko kun cika ta da sauran, shuka zata tsaya ne a inda wannan ɗayan ya ƙare. A tekun arewa naitiret, wato narkakken naitirojin, shi ne ke fara ƙarewa, a tekun kudu mai kewaye da Antatika kuma sinadarin ƙarfe ne babu.

Baba Manomi: To wannan na gane shi sarai. Allah shi yi miki albarka

Abu Yasir: Ni dai ina tare da Ɗan Hadeja. In ƙanƙara murfi ce da ke hana rana shiga, an cire murfi abinci ya ƙaru, shikenan magana ta ƙare. Wani lokacin mutanen nan kambama abu suke

Dakta Aminu: Abu Yasir ai matsalar kenan, ɗaukar ƙanƙarar a matsayin murfi kawai. Bari in yi bayanin yadda take haɗuwa. Ruwan teku baya daskarewa a sifili saboda gishiri, sai ya sauka wajen digiri 1.8 ƙasa da sifili. Lokacin da yake daskarewa ruwan zalla ne ke zama ƙanƙara, gishirin kuma ana matse shi waje, sai ya taru ya zama ruwa mai tsananin gishiri yana bin wasu ƴan siraran hanyoyi a cikin ƙanƙarar, to a cikin waɗannan hanyoyin da kuma ƙasan ƙanƙarar inda take taɓa ruwa akwai gansakuka da ke rayuwa, mafi yawansu irin da ake kira dayatom ne, masu ɓawon silika, wato sinadarin da ke cikin yashi da gilashi. In jirgin fasa ƙanƙara ya wuce ya kifar da wani ɓangare zaka ga ƙasansa ruwan kasa ne ba fari ba, to su ne. Suna fara girma tun kafin ƙanƙara ta narke, da ɗan hasken da ke ratsawa bayan dogon daren hunturu, makonni kafin na buɗaɗɗen ruwa su farka. Wannan abincin na farko shine wasu dabbobin suka ɗora rayuwarsu gaba ɗaya a kai.

Ummu Hanif: Ikon Allah. a cikin ƙanƙara kuma abu na rayuwa

Dakta Aminu: Sosai ma Hajiya. Akwai wata ƙaramar dabba a Aktik, kofefod, irin da masana ke kira Calanus glacialis, bata wuce ƙwayar shinkafa ba amma cike take da mai. Macen tana cin gansakukar ƙanƙara ta samu ƙarfin yin ƙwai, ƙwan ya ƙyanƙyashe, ƴaƴan su kai munzalin cin abinci daidai lokacin da ƙanƙara ta narke na buɗaɗɗen ruwa suka yi yabanya. Wato abinci biyu ne a jere kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce sirrin. In ƙanƙara ta narke da wuri tazarar ta gajarce, ƴaƴan su fito su tarar an riga an watse. Su kuma kofefod ɗin kifin kod na Aktik su yake ci, sil, wata dabbar teku mai shayarwa, na cin kifin, farin beyar na cin sil, mutanen Inuit mazauna yankin ma a kan wannan layin suke. Jimillar filankton na shekara zata iya ƙaruwa amma wanda ke buƙatarsa a wani mako takamaimai ya rasa.

Abu Yasir: To ai wasu dabbobin zasu maye gurbi Dakta. Teku bata zama fanko

Dakta Aminu: Zasu maye, kuma sun fara. A tekun Barents arewa da Norway da Rasha ruwan Atlantika mai ɗumi na ƙara kutsawa, yana tafe da kifayensa da filankton ɗinsa. Amma kofefod ɗin Atlantika basu kai na Aktik girma da mai ba, tsuntsun da ya saba ciyar da ƴaƴansa da mai ƙiba sai ya ninka wahala. Kuma ba kowane filankton ne alheri ba, a tekun Chukchi an gano tarin ƙwayoyin wani iri mai guba, Alexandrium, kwance a ƙasan teku, da can sanyi ke danne su, yanzu ruwa na ɗumi suna samun damar tashi, gubar na taruwa a cikin kifin ɓawo da mutanen ƙauyukan gaɓar Alaska ke ci.

Ɗan Hadeja: Malama ki koma kan maganar naitiret ɗin dan Allah, me yasa yake ƙarewa a arewa? ba teku ɗaya bace duk?

Malama Rabi: Ƙanina teku hawa hawa take. Takin yana can ƙasa, domin duk abin da ya mutu nutsewa yake ya ruɓe a zurfi, haske kuma yana sama. Dole sai wani abu ya dama ruwan ya ɗago na ƙasa zuwa sama. To Aktik teku ce da ƙasa ta kewaye ta, manyan koguna na zuba a cikinta, Ob da Yenisei da Lena daga Saiberiya, Mackenzie daga Kanada, wajen kashi goma cikin ɗari na ruwan kogunan duniya duk can yake zuwa alhali ita ce mafi ƙanƙanta a manyan tekuna. Ga kuma ruwan narkewar ƙanƙara. Ruwan daɗi ya fi na gishiri rashin nauyi sai ya kwanta a sama ya ƙi gauraya. Da farkon bazara wannan alheri ne, domin yana riƙe filankton a sama inda rana take, shi yasa ake ganin yabanya mai yawa tana bin bakin ƙanƙara yayin da take janyewa. Amma cikin ƴan makonni sun cinye naitiret ɗin saman, na ƙasa kuma ba hanyar hawowa, sai a zauna rana na nan dare da rana ba faɗuwa amma ba abinci. A tsakiyar Aktik ɓangaren Kanada an auna an ga yadda ruwan saman ke ƙara zama na daɗi, manyan dayatom na raguwa, ƙananan iri na yawaita, su kuma ƙananan basa ciyar da kifi sosai kuma basa nutsewa da kabon zuwa ƙasa kamar manyan.

Malama Rabi: Inda ake ganin ƙaruwar nan ta kashi 57 mafi yawa a bakin ƙofofi ne, inda ruwan Fasifik ke shigowa ta mashigin Bering da inda na Atlantika ke shigowa ta Barents, su ne ke zuwa da taki. Tsakiyar kuwa ko ƙanƙarar ta tafi duka ba lallai ta zama wata makiyaya ba.

Abu Yasir: Amma Malama in ba ƙanƙara ai iska zata samu damar kaɗa ruwan, ta ɗago takin da kike faɗa. Ko ba haka ba?

Malama Rabi: Nan kam ka kawo magana mai ƙarfi Abu Yasir. Haka ne, ƙanƙara na kare ruwa daga iska, in ta makara bata dawo ba guguwar kaka na dama ruwan, har an lura yanzu ana samun yabanya ta biyu a ƙarshen bazara a wuraren da da can sau ɗaya ake yi. Abubuwa biyu ne ke ja in ja, ruwan daɗi na hana gauraya iska na tilasta ta, kuma wanda ya yi rinjaye ya danganta da wuri. Abin da ban yarda da shi ba shine a ɗauki lissafi ɗaya na teku gaba ɗaya a ce riba ce.

Dakta Aminu: Akwai ma wani abu game da lissafin kansa. Da tauraron ɗan adam ake yinsa, yana duba launin ruwa daga sama, kore ko shuɗi. To baya ganin abin da ke ƙarƙashin ƙanƙara. A watan Yulin 2011 wata tawaga ƙarƙashin Kevin Arrigo a cikin jirgin fasa ƙanƙara na Amurka mai suna Healy suka shiga tekun Chukchi, suka tarar da yabanyar filankton mai kauri sosai a ƙarƙashin ƙanƙara mai kaurin wajen mita ɗaya, ta miƙe fiye da kilomita 100 zuwa ciki, wurin da kowa ke ɗauka duhu ne ba abin da zai tsiro. Dalili shine ƙanƙarar yanzu sabuwa ce siririya, in dusar samanta ta narke sai ruwa ya taru a kanta tafki tafki, haske ya riƙa ratsawa ta nan. Dusar ƙanƙara sabuwa na mayar da fiye da kashi 80 na hasken rana sama, amma waɗannan tafkunan barinsa suke ya wuce. Ma'ana wani lokacin kafin ruwa ya buɗe tauraro ya gani an riga an cinye takin a ƙasa.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum, na iske magana ta yi nisa. Ni tambayata ta kudu ce, Malama ta ce ƙarfe ne babu. Wane ƙarfe kuma, irin na maƙera?

Dakta Aminu: Shi dai, amma narkakke, irin wanda ake ba mai ciki a ƙwayar ƙarin jini. Filankton na buƙatarsa ɗan kaɗan ƙwarai don sarrafa hasken rana da naitiret. Tekun kudu abin mamaki ce, ta fi kowace teku yawan naitiret da fosfet, wato narkakken fosfaras, a samanta, saboda iskar yamma mai ƙarfi da ke kewaya Antatika ba dutse ba ƙasa da zai tare ta, tana ɗago tsohon ruwan zurfi mai cike da taki. Amma duk da haka yawancinta shuɗiya ce fayau ba yabanya. An daɗe ana musu akai, wasu suka ce sanyi ne wasu suka ce ƙarancin haske wasu suka ce dabbobi ne ke cinyewa. John Martin na cibiyar binciken teku ta Moss Landing a Kalifoniya shine ya tsaya kai da fata a ƙarshen shekarun 1980 cewa ƙarfe ne. Abin da ya sa aka daɗe ba a gane ba, jirgin da ake ɗibar ruwan ƙarfe ne, igiyar ƙarfe ce, duk ruwan da aka ɗebo ya gurɓata sai awo ya nuna akwai ƙarfe da yawa. Sai da aka koyi ɗiba da kayan roba masu tsabta sannan aka ga kusan babu.

Ɗan Damagaram: To mi ya hana ta samu, sauran tekuna ina suke samun nasu?

Dakta Aminu: Ƙarfe baya daɗewa a narke cikin ruwan teku mai oksijin, tsatsa yake ya manne da wani abu ya nutse, dole kullum a riƙa kawo sabo daga ƙasa. Ko dai kogi, ko lakar gaɓa, ko ƙura. Tekun kudu kuma ta yi nisa da duk wani babban hamada, ɗan abin da take samu daga Patagoniya ne a kudancin Ajantina da Ostareliya da kudancin Afirka.

Abakar na Injamena: Maganar ƙura ta zo gidanmu. Dakta a nan Chadi arewa wajen Faya akwai kwarin Bodele, iska na matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashi farar ƙura, ita ce hazon da kuke sha a Kano da Damagaram lokacin hunturu. An ce babu wurin da ya kai shi tada ƙura a duniya

Dakta Aminu: Madalla Malam Abakar, kuma ka san farar ƙurar nan mecece? Ɓawon dayatom ne. Wurin ƙasan tsohon Tafkin Chadi ne lokacin da yake ƙato shekaru wajen dubu bakwai da suka wuce, dayatom suka rayu a ciki suka mutu suka taru, tafkin ya janye ya bar su. Dangi ɗaya ne da waɗanda ke manne a ƙasan ƙanƙarar Antatika. Ƙurar Sahara na faɗawa Atlantika tana kai mata ƙarfe, shi yasa Atlantika ta tsakiya bata cika rasa ƙarfe ba. Amma iskar bata kai ta tekun kudu.

Baba Manomi: Ashe hazon da muka kuka da shi wani wuri taki na. Allahu akbar

Malama Rabi: Haka ne Baba. An ma ga misalinsa, gobarar dajin Ostareliya ta ƙarshen 2019 zuwa farkon 2020, hayaƙi da toka suka bi iska suka faɗa tekun kudu ɓangaren Fasifik, sai ga yabanya mai faɗin gaske a wurin da ba a saba gani ba. Haka kuma duk inda tsibiri yake, kamar South Georgia da Kerguelen, zaka ga ruwan da ya wuce ta bayansu kore ne saboda ya wanko ƙarfe daga duwatsu. Manyan tsaunukan ƙanƙara da ke ɓallewa daga Antatika ma suna ɗauke da garin dutsen da suka niƙa a hanya, suna narkewa suna zubar da shi. Ita kanta ƙanƙarar teku tana tara ƙarfe a cikinta lokacin hunturu fiye da ruwan da ke ƙasanta, bazara na zuwa ta sake shi lokaci guda tare da irin gansakukar da ta ɓoye.

Abu Yasir: To ai magani ya samu kenan! a cika jirgi da ƙarfe a je a zuba, filankton su yi yawa su shanye kabon, kifi ya yawaita, kowa ya huta. Me ake jira

Dakta Aminu: Shi kansa Martin ya faɗi makamancin haka a 1988, cewa a bashi rabin jirgin dako na ƙarfe zai dawo da zamanin ƙanƙara. Hujjarsa tana da tushe, ƙanƙarar da aka haƙo a tashar Vostok ta Antatika ta nuna lokutan da duniya ta yi sanyi sosai ƙura ta yi yawa kabon da ke cikin iska kuma ya sauka wajen 180 cikin miliyan, a lokutan ɗumi ya koma wajen 280. Ya rasu a 1993 ƴan watanni kafin gwajin farko kusa da tsibiran Galapagos. A tekun kudu an fara a 1999, aka yi ta maimaitawa, kuma ko yaushe aka zuba ruwan na yin kore, wannan ɓangaren an gama musu. Inda ake rigima shine ina kabon ɗin ke zuwa. A gwajin 2004 da jirgin Jamus Polarstern ya yi, dayatom manya ne suka tsiro, aƙalla rabinsu suka nutse ƙasa da mita 1000. A gwajin 2009 na haɗin gwiwar Indiya da Jamus kuma ruwan wurin ba silika, dayatom basu samu abin yin ɓawo ba, ƙananan iri suka tsiro, kofefod suka cinye su, kabon ya koma iska ta numfashi. Teku ɗaya, ƙarfe ɗaya, sakamako daban.

Abu Yasir: Sai a zaɓi inda akwai silikar mana

Malama Rabi: Abu Yasir nan ne ni nake tsayawa, kuma da gaske abin na damuna. Naitiret da fosfet ɗin da filankton na kudu suka kasa cinyewa ba asara suke ba. Ruwan na nutsewa ya bi ta ƙarƙashi ya nufi arewa, ya ɓullo a wurare masu nisa, akwai binciken da ya ƙiyasta cewa kusan kashi uku cikin huɗu na abin da tekunan arewa da layin digiri 30 na kudu ke samarwa da wannan takin suke yi. Wato tekunan wurare masu zafi, har da na gaɓar Afirka. In ka zuba ƙarfe can aka cinye takin a tushe, masuncin da bai san ma an yi ba shi zai ga kifinsa ya ragu bayan shekaru. Wa ya bada izini? Shi yasa a 2008 ƙasashe suka amince a dakatar da irin wannan sai ƙaramin bincike, a 2012 da wasu suka zuba wajen tan 100 a gaɓar yammacin Kanada ba ƙaramar hayaniya aka yi ba, a 2013 aka ƙara tsaurara doka a yarjejeniyar Landan kan zubar da abubuwa a teku.

Ɗan Damagaram: Gaskiya wannan ya shafe mu kenan, ko mu da ba mu da teku kifin da ke zuwa kasuwa a daskare daga teku yake

Ummu Hanif: Ni fa tausayin fengwin, tsuntsayen nan na Antatika, nake ji, na ga an ce ƴaƴansu sun mutu da yawa

Malama Rabi: Gaskiya ne Maman Hanif, a ƙarshen 2022 a yankin tekun Bellingshausen ƙanƙara ta fashe kafin ƴaƴan manyan fengwin su yi gashin da ruwa baya ratsawa, cikin mazauna biyar huɗu ba ɗan da ya tsira. Ita ƙanƙarar Antatika ta daɗe bata raguwa kamar ta arewa, har ɗan ƙaruwa ta yi zuwa 2014, sai daga 2016 ta juya. A Fabrairun 2023 ta sauka zuwa murabba'in kilomita miliyan 1.79, mafi ƙanƙanta tun da aka fara awo da tauraro a 1979, kuma a hunturun shekarar bata kai miliyan 17 ba alhali ta saba wuce 18. Abin da ya fi bani tsoro kiril ne, ƴan ƙananan jatan lande da fengwin da sil da wel duk su suke ci. Manyan kiril na iya jure yunwar hunturu, ƴaƴan basa iyawa, a ƙarƙashin ƙanƙara suke fakewa suna kankarar gansakukar da ke jikinta. Shekarar da ƙanƙara ta yi ƙaranci ƴaƴan da ke tsira kaɗan ne.

Dakta Aminu: Bari in ƙara abu ɗaya kan ƙarfe tunda an ambaci wel. A ƙarni na 20 an kashe wel wajen miliyan biyu a kudancin duniya, tun daga tashar Grytviken da aka buɗe a South Georgia a 1904. Hankali zai ce tunda masu cin kiril sun ƙare kiril zai cika teku, amma ba a ga haka ba. Bayanin da masana da yawa ke bayarwa yanzu shine jikin kiril na tara ƙarfe, wel ya ci, ya yi kashi a saman ruwa, kashin mai ruwa ruwa ne baya nutsewa da sauri kuma cike yake da ƙarfe, filankton su samu, kiril su samu. Da aka kawar da wel sai wannan zagayen ya yanke. In ana son mayar da ƙarfe tekun kudu, barin wel su farfaɗo da rage kamun kiril ya fi min jirgin dako.

Ɗan Hadeja: Kamun kiril kuma? su wa ke ci

Dakta Aminu: Jiragen Norway ne kan gaba, sai Sin da Koriya ta Kudu. Ana matse mansa a sayar a matsayin ƙwayar ƙarin lafiya, sauran a yi abincin kifin kiwo. Akwai hukumar ƙasashe da ke kula da kamun tun 1982, ta sa iyakar tan 620,000 a shekara a ɓangaren Atlantika. In ka kwatanta da yawan kiril ɗin duka ba wani abu bane, matsalar a wuri ɗaya ake taruwa ana kamawa, kusa da zirin Antatika, daidai inda fengwin ke neman abincin ƴaƴansu kuma daidai inda ƙanƙara ta fi saurin raguwa.

Abu Yasir: Na ji duka, maganar masunta ta shige ni. Amma har yanzu ina ganin bai kamata a rufe ƙofar gwajin ƙarfe ba, kabon ɗin da ke sama ba jira yake ba

Malama Rabi: Gwaji ƙarami da masana ke sa ido a kai ban ƙi ba, da shi aka san duk abin da Dakta ya faɗa. Abin da na ƙi shine kamfani ya zuba ya ce ya binne kabon tan kaza a biya shi, alhali ba wanda ya bi kabon ɗin ya ga inda ya tsaya. In bai wuce ƴan ɗaruruwan mita ba damawar hunturu zata dawo da shi sama.

Abakar na Injamena: Dakta to ta yaya ake sanin abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙanƙara da hunturu, tunda tauraro baya gani jirgi ma baya shiga?

Dakta Aminu: Hanya biyu Malam Abakar. Ɗaya a bar jirgin ya daskare a ciki da gangan, haka aka yi da Polarstern daga kakar 2019 zuwa ta 2020, ƙanƙara ta yi ta tafiya da shi a tsakiyar Aktik masana na huda ta suna awo har cikin daren hunturu. Ɗayar kuma na'urori ne masu kama da doguwar tukunyar gas da ake jefawa a teku, su nutse zuwa mita 2000 su taso duk bayan kwana goma suna auna gishiri da zafi da naitiret da oksijin da koren filankton. Na tekun kudu an koya musu in suka ji ruwan sama ya yi sanyin da ke nuna akwai ƙanƙara kar su ƙarasa, su juya ƙasa su ajiye bayanan, sai bazara in ruwa ya buɗe su leƙo su tura wa tauraro gaba ɗaya. Da su aka ga cewa a wurare da dama filankton na fara ƙaruwa tun ƙanƙara bata janye ba. A Afirka ma akwai masu zuwa, Afirka ta Kudu na da jirgin bincike S.A. Agulhas II da ke tashi daga Cape Town, har tafiyar hunturu yana yi zuwa bakin ƙanƙara da ɗalibai a ciki.

Ɗan Hadeja: Dakta ɗalibin da ya karanta kimiyyar sinadarai zai iya shiga wannan fannin ko sai wanda ya yi ilimin halittu?

Dakta Aminu: Zai iya ƙwarai ƙanina, awon ƙarfe da naitiret ai aikin mai sinadarai ne. Ka dage da lissafi ka koyi sarrafa bayanai a kwamfuta, bayanan na'urorin nan da na tauraro kyauta suke a intanet, daga Hadeja ma zaka iya sauke su ka fara dubawa.